Doki, Dutse da Bindigar Ruwa: Yadda Ƙarfi Ya Rabu a Yaƙe-yaƙen Kontagora

Masarautar Kontagora ta tashi a tsakiyar ƙarni na 19, a wani yanki mai faɗi da ke tsakanin Gulbin Ka daga arewa, kogin Kwara daga yamma da kudu, da kogin Kaduna daga gabas. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa tutoci a Kano da Katsina da Zazzau da Bauci tun farkon ƙarnin, amma bai kafa tuta a wannan yanki ba. Shekara hamsin bayan yaƙin Tabkin Kwatto, ƙasar tana nan a hannun ƙananan al'ummomi masu cin gashin kansu: Kambari a wajen Auna da Salka da Ibeto, Dukawa a wajen Rijau, Dakarkari a duwatsun Zuru, Kamukawa a wajen Mariga da Tegina, Gwarawa daga Birnin Gwari har Kuta da Paiko, sai Gungawa a tsibiran Kwara. Manyan ƙasashe huɗu ne suka sa yankin a tsakiya: Yawuri, Nupe, Zazzau, da Abuja ta Haɓen Zazzau, wadda yau ake kira Suleja. Kusan shekara arba'in aka shafe ana gwada ƙarfi a tsakanin waɗannan ɓangarori. Mai dawaki ya ci garuruwa ba adadi, amma har Turawa suka iso bai gama cin ƙasar ba, kuma dalilin hakan shi ne abin dubawa a tarihin.

Wanda ya kafa masarautar shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu. Laƙabinsa ya samo asali daga Gwamatse, wani ribaɗi da aka ba shi riƙo yana saurayi, kuma a irin waɗannan garuruwan tsaron iyaka ya koyi yaƙi. Zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba (1842 zuwa 1859) sarauta tana gidan Bello, ɗan'uwan Atiku, kuma ɗan gidan Atiku mai mabiya da son kai hari bai samu wurin zama ba a kusa da Sakkwato. Sai ya yi kudu da jama'arsa, ya shiga ƙasar Nupe a lokacin da take fama da yaƙin gida, ya yi yaƙe-yaƙe a ƙasar Gwari, ya kafa sansani a wajen Wushishi. A 1859 yayansa Ahmadu Atiku ya hau gadon Sarkin Musulmi, ya ba shi sarautar Sarkin Sudan. Wannan naɗi ya mai da madugun mayaƙa ya zama sarki mai izini, kuma izinin kansa makami ne, domin ya buɗe ƙofa ga duk mai doki da takobi a ƙasar Hausa da ke neman inda zai yi suna. A 1864 Umaru ya zauna a Kontagora, cikin ƙasar Kambari. Labarin da aka fi bayarwa game da sunan garin shi ne cewa ya umarci mutanensa su "kwanta gora", wato su sauke gorunansu na ruwa, tafiya ta ƙare.

Rundunar da ya kawo irin ta sauran sarakunan Daular Usmaniyya ce. Ƙashin bayanta mahaya ne, kuma su ma iri biyu. Akwai 'yan lifida, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da lifidi, rigar auduga mai kauri da aka ɗinka don ta sha kibiya. Wasunsu da sulke da kwalkwali. Waɗannan ba su da yawa, domin lifidi da babban dokin da zai ɗauke shi sai mai hali, kuma ba su da sauri. Aikinsu su fasa daga, su kuma tsare sarki. Sai barade masu saurin kai hari, da mashi da takobi da garkuwar fata, waɗanda su ne ainihin masu aikin yau da kullum: su kwana suna tafiya, su faɗa wa ƙauye da asuba, su kewaye gonaki kafin manoma su kai ga ƙofar gari. Bayan mahaya akwai dakaru, mafi yawansu 'yan baka, da 'yan bindiga kaɗan masu harba-ka-ruga. Babu albashi. Abin da mayaƙi zai samu shi ne rabonsa na ganima bayan an fitar da humusi, kuma ganimar wannan yanki yawancinta mutane ne.

Daga nan ne ƙarfin Kontagora ya fito, daga nan ne kuma rauninta ya ɓuya. Doki ba ya jimawa a wannan ƙasa. Da zarar an gangaro kudu da Zamfara, kurmin bakin rafuka cike yake da tsando, kuma cizon tsando shi ke kawo sammore, cutar da ke rame doki har ta kashe shi. Don haka dole a riƙa sayo sababbin dawaki daga arewa kowace shekara, kuma kuɗin da fatake suka fi karɓa shi ne bawa. Ana hawa doki a kamo bayi, a sayar da bayi a sayi doki. Muddin akwai ƙauyuka a kusa waɗanda za a iya faɗa wa, wannan zagaye yana ciyar da kansa, yana kuma jawo ƙarin mayaƙa. Amma kowace nasara tana rage abin da za a ci baɗi. Ƙauyen da aka kwashe ba ya biyan gandu, ba ya noma dawar da za a ba doki, kuma waɗanda suka tsira daga cikinsa sun koyi darasi, sun hau dutse.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Yaƙin doki na rani ne. Daga kaka, in an girbe hatsi ciyawa ta bushe an ƙone daji, har zuwa faɗuwar ruwan farko, mahayi yana ganin nesa kuma ƙasa tana ɗaukar kofato. Da damina ta sauka, kogin Mariga da na Kontagora da Malendo sun cika sun batse, fadamu sun zama taɓo, ciyawa ta fi mutum tsawo, tsando ya yawaita, dakaru kuma hankalinsu ya koma gona. Kusan rabin shekara ke nan da babu wanda ya isa ya fitar da babbar runduna. Garin da zai iya jure wata huɗu ko biyar a bayan ganuwarsa, da ruwa da rumbu, ya san cewa sansanin da ke ƙofarsa zai tashi da kansa.

Waɗanda ake kai wa hari ba su da dawakin kirki, amma ba a zaune suke hannu rabbana ba. Kariyarsu ta farko ganuwa ce. Har yau matafiyi a ƙasar Kontagora yana iya ganin kufan garuruwa da tudun tsohuwar ganuwa ya kewaye, wani wurin da gwalalo a gabanta. Ana dasa sarƙaƙiya a bakin gwalalon, ta yi duhu ta zama shingen ƙaya wanda doki ba ya kusanta, a kuma ƙuntata ƙofa yadda mahayi ɗaya ne kawai zai shiga a lokaci guda. Tun da igwa ba ta yawaita ba, hanyoyin cin gari mai ganuwa kaɗan ne: a yi masa ƙawanya har yunwa ko ƙishirwa ta fito da mutane, a harba kibiyar wuta kan jinkar ɗakuna, a haura da tsani a karɓi asarar rayuka, ko a sami wani daga ciki ya buɗe ƙofa. Gogaggun mayaƙa sukan bar wa gari ƙofar rago, domin sun san wanda ya ga hanyar gudu ba ya tsayawa ya mutu a kan ganuwa, kuma da ya fito fili ya zama na masu doki.

Dutse ya fi ganuwa. A wajen Zuru da Sakaba da ƙasar Kamukawa da ta Gwari akwai duwatsu masu kogo da lungu, kuma al'ummomi da yawa sun mai da gidajensu can, suka ɗora rumbuna a tsakanin duwatsu, suka riƙa gangarowa noma da safe suna komawa kafin duhu, da masu gadi a kan tsauni suna duban ƙura. A gindin dutse mahayi dole ya sauka, kuma ɗan lifida a ƙasa mutum ne mai nauyin kaya wanda ba ya iya gudu. Daga sama ana gangaro masa da duwatsu, ana yi masa ruwan kibau. Kibiyar kuwa ba ta buƙatar shiga da zurfi. Dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani, wani lokaci da ruwan tinya, yana taɓa zuciya ne, ƙwarzane kaɗan ya isa ya kayar da mutum ko doki. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, su ne suka fi shahara da wannan tsayin daka. Al'adarsu ta golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukai tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata, da kokawar da suke tashi a cikinta, sun samar musu da samari masu juriya waɗanda suka saba aiki a ƙungiya ƙarƙashin shugaba. Kontagora ta kai musu hare-hare, ta ci wasu garuruwan gefe, amma zuciyar ƙasar Zuru ba ta zama tata ba.

Kariya ta uku ruwa ne. Kafin a gina madatsar Kainji a 1968 tafki ya haɗiye su, tsibirai ne jere a cikin Kwara daga Yawuri zuwa Busa, ga duwatsu a cikin ruwan da suka halaka Bature Mungo Park a 1806. Gungawa su ne masu kwale-kwale, su suka san mashigi. Rundunar doki da ta iso gaɓa sai dai ta tsaya tana kallon hayaƙin girki a tsallake.

   Daidaiton ƙarfin da aka samu tsakanin ɓangarorin nan ƙasa ce da damina da tsando suka yi shi, kuma bai kai ko'ina ba: mutumin dutse da na tsibiri sun sami abin dogaro, amma Bakambaren da ke noma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da sabon birnin bai sami komai ba sai ƙafarsa. Kambarin fili ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan zamani.

Akwai wani juyi a tarihin da ya cancanci a tsaya a kansa. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu ce ba ta da dawaki da yawa. 'Yan bakanta ne suka tsaya suka karya mahayan Sarkin Gobir Yunfa, 'yan lifida da Buzayen da ke tare da su. Wato gidan da Umaru ya fito ya san sarai cewa baka yana iya cin doki, in masu bakan suna da shugaba ɗaya da abin da suka yarda su mutu a kansa. Cikin shekara hamsin daular ta koma ta masu doki, kuma jikan Shehu ne ke kan sirdi yana fuskantar masu baka. Abin da ya raba Tabkin Kwatto da filayen ƙasar Kambari haɗin kai ne, makamin kuwa duk ɗaya.

Domin in da al'ummomin yankin sun haɗa kai, yawansu ya ninka na mayaƙan Kontagora nesa ba kusa ba. Ba su haɗa ba. Kowane gari da sarkinsa da tsafinsa da tsohuwar gabarsa da maƙwabci kan gona ko mata ko rafi; harsunan ma daban-daban ne, har a cikin Kambari akwai waɗanda ba sa jin maganar juna. Umaru ya ƙware wajen cin wannan rabuwa. Yakan karɓi gandu daga gari ya ba shi amana, ya ɗauki samarinsa su yi masa jagora zuwa gari na gaba. Yakan goyi bayan ɗan sarkin da aka hana gado. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu inda aka ga haka kamar Yawuri. Tsohuwar masarauta ce, wadda sarkinta Albishir Ɗan Ayi ya yi amana da Gwandu tun zamanin jihadi, ya tsira da ƙasarsa. Amma rikicin gadon sarauta ya raba gidan, har sarakunan suka bar Bin Yawuri suka fake a tsibiri, kuma Kontagora ta yi ta yankar ƙasar daga gabas. Sai a 1888 Sarkin Yawuri Abdullahi Abarshi ya tsayar da hedikwata a Yelwa, a bakin ruwa, da ƙasar da ta ragu ƙwarai.

Da manyan maƙwabta lissafin ya sha bamban. Nupe ta fi Kontagora jama'a da dukiya, kuma tana da abin da babu wanda ke da shi a arewa: kasuwar bindiga. Jiragen 'yan kasuwar Turawa suna hawowa Kwara har Egga, kuma Etsu Masaba, a sarautarsa ta biyu daga 1859 zuwa 1873, ya tsare wannan ciniki sosai, ya hana bindiga da albarushi wucewa arewa sai da yardarsa. Don haka Kontagora ta fi zama abokiyar Bida, babban birnin Nupe, a kan ta zama kishiyarta, suka riƙa cin ƙasar Gwari kowa ta ɓangarensa. Bindigar zamanin dai ba ta sauya yaƙi yadda ake zato ba. Ɗurinta yana da jinkiri, ba ta da saiti, ruwa yana kashe albarushinta, kuma gwanin baka yana sakin kibau da dama kafin ɗan bindiga ya sake ɗuri. Amfaninta ƙara ce da hayaƙi da firgita doki. Abuja kuwa, wadda aka kafa a 1828 a cikin duwatsu, ta haɗa dabarun yaƙin Hausa da kariyar ƙasa, ba kuma wanda ya ci ta a duk ƙarnin. Akwai kuma shingen siyasa: Nupe da Yawuri suna ƙarƙashin Gwandu, Zazzau da Kontagora suna ƙarƙashin Sakkwato, kuma taɓa ƙasar ɗan'uwa yana jawo ƙara zuwa gaban Sarkin Musulmi. Sai dai Sarkin Sudan ɗan gida ne, kuma tsawata wa ɗan gida ya fi tsawata wa bare wuya.

Umaru ya rasu a 1876. Ɗansa Abubakar Modibbo ya gaje shi na shekara huɗu, kuma zuriyarsa ce ta riƙe Wushishi. A 1880 wani ɗan Umaru, Ibrahim, ya hau, kuma a hannunsa ne tsarin ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Ibrahim jarumi ne wanda abokan gabarsa ma ba su musa ba, amma ya gaji ƙasar da aka riga aka cinye na kusa. Waɗanda suka rage ko dai suna kan dutse, ko suna da amana, ko suna da nisa. Runduna mai rayuwa da ganima ba ta iya zama. In sarki bai fita da ita ba, za ta watse ta bi wani. Sai hare-haren suka riƙa yin nisa, suna kuma faɗa wa waɗanda a dā ake ƙyalewa. A 1899 ya ci Birnin Gwari, tsohon gari mai ganuwa a kan hanyar fatake, abin da ya kai shi cikin hurumin Zazzau. An ruwaito cewa da aka yi masa maganar barin kamun bayi, ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba a raba ta da kamun ɓera, ya ce ko mutuwa ta zo za ta same shi da bawa a baki.

Ba daidai ba ne a karanta wannan tarihi kamar lissafin dara, a manta cewa 'ya'yan darar mutane ne. An raba uwa da ɗa a kasuwa, an bar gonaki sun koma daji, garuruwan da suka yi ɗaruruwan shekaru sun zama kufai, kuma ƙarancin jama'ar da aka san yankin da shi har cikin ƙarni na 20 yana da nasaba da wannan zamani. Ma'aunin da za a auna abin da shi ba sai an aro daga waje ba. Malaman jihadin da kansu sun yi rubutu kan haramcin bautar da ɗa da kuma cin amanar wanda aka ba amana, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo tun jihadin bai ƙare ba ya koka kan yadda neman duniya da dawaki da ƙwaraƙwarai ya fara rinjayar niyyar wasu mayaƙa.

Sabon ɓangare ya shigo ta kogi. A Janairun 1897 Kamfanin Neja na George Goldie ya tunkari Bida da sojoji kusan 500, da manyan bindigogi da bindigar Maxim, wadda Hausawa suka sa wa suna bindigar ruwa saboda ruwan da ake zuba mata don sanyaya bututu. Dubban mahayan Nupe suka yi ta kai sukuwa kan sahu mai kusurwa huɗu, ba su kai gare shi ba. Duk abin da ya ba doki fifiko, wato ya rufe tazarar da ke tsakaninsa da maharbi kafin a sake ɗana kibiya, ya tashi a banza a gaban bindigar da ke zubo ɗaruruwan harsasai a minti guda. Lifidin da ke shan kibiya bai tare harsashi ba. Ganuwar da ke cin wata biyar, igwa tana fasa ƙofarta da hantsi. Kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta riga ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, don haka babu kasuwar da za a je a cike giɓin.

Duk da haka Turawan ma suna da nasu raunin, kuma Ibrahim ya gan shi: ba su da yawa. A ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard ya shelanta mulkin Ingila kan Arewa a Lokoja, aka kuma ajiye ƙaramin sansanin soja a Wushishi, a cikin ƙasar gidan Nagwamatse. A cikin shekarar yaƙin Asante ya ɓarke, aka kwashe mafi yawan sojojin aka tura can. Kontagora da Bida suka yi amfani da damar, suka matsa wa sansanin Wushishi, suka tare hanyoyi, hare-harensu suka kai har kusa da Jebba inda hedikwatar Lugard take. Lissafin bai yi kuskure ba a kan wannan damina. Kuskurensa shi ne ɗaukar rashin na ɗan lokaci a matsayin na dindindin. Da sojojin suka dawo a ƙarshen shekara, aka haɗa runduna ƙarƙashin Kanar Kemball, kuma a ƙarshen Janairun 1901 Kontagora ta faɗi bayan ɗan gajeren gumurzu. Bida ta bi baya a watan Fabrairu. Yawancin sojojin da suka yi wannan aiki Hausawa ne da Yarbawa, Turawa 'yan ƙalilan ne ke ba da umarni.

Ibrahim bai tsaya an kama shi ba. Ya fice da jama'a mai yawa ya nufi arewa maso gabas, ya sauka a ƙasar Zazzau, kuma tun da rundunarsa ba ta san wata hanyar ci ba, ta ci gaba da kai hari a inda ta sauka. Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ba shi da ƙarfin korarsa, ya nemi taimakon Turawa. Wannan ya ba su hanyar shiga Zariya ba tare da yaƙi ba, kuma a 1902 aka kama Ibrahim aka kai shi Lokoja. Rabuwar kan da gidan Nagwamatse ya ci moriyarta shekara arba'in a kan Kambari da Gwarawa, ita Turawa suka ci a kan sarakunan daular. Lugard ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tun 1901 yana neman ya naɗa wani a Kontagora, bai sami wannan naɗi ba. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris.

A wannan shekarar ce Turawa suka mai da Ibrahim kan gadonsa. Bindigar ruwa tana cin gari, amma ba ta tara haraji, ba ta yanke shari'a, ba ta dawo da waɗanda suka gudu. Jami'an mulkin ba su taka kara sun karya ba a yawa, kuma bayan cin Sakkwato suna buƙatar su nuna wa gidan Shehu cewa ba tumɓuke shi suka zo yi ba. Sai aka dawo da mutumin da aka yi shekara biyu ana kira babban mai kamun bayi, aka yanke masa ƙasar Gwari da sauran wuraren da ya ci da yaƙi bai riƙe da mulki ba, aka hana shi hari. Ya yi sarauta a haka har rasuwarsa a 1929, ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi.

Al'ummomin dutse ba su sauko nan da nan ba. Wasu sun ɗauki shekaru kafin su yarda cewa ƙurar da ake hangowa daga nesa ba ta mahaya ba ce, kuma sojojin mulkin mallaka sun sha kibiya a wasu duwatsun kafin a fara biyan haraji. A hankali garuruwa suka gangaro kusa da gonaki da hanyoyi, tsofaffin mazaunan kan dutse suka zama wuraren tsafi da kaburburan kakanni. Zuru ta tsaya da nata tsarin sarauta dabam da Kontagora, kuma Turawa, da suka lura da juriyar samarin Dakarkari, suka riƙa ɗibarsu aikin soja da yawa, al'adar da ta ɗore har ƙasar Zuru ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ba Nijeriya sojoji da manyan hafsoshi. Lifidi da sulke da kwalkwali sun koma kayan hawan salla. Garin Kontagora kansa yana ɗauke da babban barikin soja a yau, inda hedikwatar rundunar manyan bindigogi ta sojan ƙasa take, tare da cibiyar horar da sojoji.